Yadda Ake Koyon Ɗaukar Bidiyo da Tacewa da Waya ta Hanyar Kwas a Intanet

Akwai mutane da yawa da suka yi rajistar kwas na koyon bidiyo a intanet, suka bi darussa har ƙarshe, wasu ma suka karɓi takardar shaida, amma idan ka ce su nuna maka bidiyon minti ɗaya da suka ɗauka suka tace da hannunsu, sai a shiga kame-kame. Abin yana damuna, domin an kashe data, an kashe lokaci, kuma wayar da ke aljihunsu ta isa ta yi aikin. Inda aka samu matsala shi ne an zauna ana kallon malami kamar ana kallon shirin talabijin. Ɗaukar bidiyo kuwa aikin hannu ne. Ido da kunne da yatsu ne ke koyonsa, kuma ba sa koyo sai an sa su aiki. Duk abin da zan faɗa a nan a kan ƙa'ida ɗaya na gina shi: darasin da ka kalla yau, kada ka kwanta ba ka ɗauki wani abu da shi ba.

Mataki na farko: zaɓen kwas

Akwai na kuɗi a dandali irin su Udemy da Skillshare da Coursera, akwai kuma jerin darussa kyauta a YouTube waɗanda wasunsu ba su gaza na kuɗin ba. Kafin ka biya komai, kalli darussan gwaji da ake buɗewa kyauta, ka sa ido sosai.

Fara da duba abin da malamin yake ɗauka da shi. Idan sunan kwas ɗin ya ce na waya ne amma duk misalansa da babbar kyamara ya ɗauke su, wuce kawai. Sannan ka tambayi kanka wace manhaja yake tacewa da ita, kuma ko tana hawa wayarka. iMovie ta masu kayan Apple ce kaɗai, mai Android ba zai same ta ba. CapCut da InShot da VN da KineMaster kuwa suna kan ɓangarorin biyu. Duba kuma ranar da aka sabunta kwas ɗin, domin waɗannan manhajoji suna yawan sauya fuska, sai ka ga malami yana danna wani maɓalli da tuni aka ɗauke shi daga inda yake. Abin da ya fi duk waɗannan nauyi shi ne aikin gida. Kwas ɗin da ba ya ba ka aiki a ƙarshen kowane sashe, kuma babu inda za ka tura aikinka a duba, rabin amfaninsa ya tafi. Ka kuma saurari muryar malamin da kyau: wanda sautin darasinsa ke amsa-kuwwa ko yake ƙasa-ƙasa, da wuya ya koya maka abin da shi kansa bai kiyaye ba.

Yawancin kwasa-kwasan da Turanci suke. Idan malamin yana sauri, rage gudun bidiyon zuwa 0.75 ka kunna rubutun ƙasan allo. Manhajar Udemy tana ba da damar sauke darussa a waya, ka kalla daga baya ba tare da intanet ba. Idan ka zaɓi guda, ka tsaya a kansa har ka gama. Tsalle daga wannan malami zuwa wancan shi ke sa mutum ya yi ta maimaita darasin farko.

Mataki na biyu: tsara yadda za ka bi shi

Tun ranar farko ka zaɓi aiki ɗaya da za ka gama kafin kwas ya ƙare: bidiyon daƙiƙa 60 zuwa 90 a kan wani mutum yana aiki da hannunsa, yana kuma bayanin abin da yake yi. Duk darasin da ya zo, a kan wannan aikin za ka gwada shi.

Idan kana da kwamfuta ko wata wayar, kalli darasi a kanta don wayar ɗaukar ta zama a hannunka, malami na dannawa kana dannawa. Idan waya ɗaya ce, kalli minti biyar, rubuta matakan a littafi, rufe darasin, buɗe kyamara. Kada ka goge bidiyon farko da ka ɗauka komai muninsa, da shi za ka riƙa auna inda ka kai.

Mataki na uku: saita wayar

Goge gilashin kyamarar da tsumma mai laushi kafin kowace ɗauka. Maiƙon yatsa ne ke kawo wannan hazo-hazon da mutane ke ɗora wa wayar laifinsa. Sa wayar a yanayin jirgin sama don kada kira ya katse maka ɗauka, ka tabbata akwai caji da wurin ajiya.

Shiga saitin kyamara ka zaɓi 1080p, wato ɗigo 1920 a faɗi da 1080 a tsayi. 4K yana da ɗigo 3840 da 2160, ninki huɗu ke nan, kuma yana cin wuri ƙwarai: a iPhone, minti ɗaya na 1080p a kan hoto 30 a daƙiƙa kimanin MB 60 ne, na 4K kuwa kimanin MB 170. Ga ɗumama waya, ga sa manhajar tacewa ta riƙa cijewa. Mai koyo ba ya buƙatarsa tukuna. Idan wayarka tana ɗaukar bidiyon HDR, wato tsarin da ke faɗaɗa tazara tsakanin haske da duhu a hoto, kashe shi a yanzu, domin launinsa yakan rikice idan aka haɗa shi da wasu hotunan wajen tacewa.

Sai adadin hotuna a daƙiƙa, domin bidiyo jerin hotuna ne da ke wucewa da sauri. 24 ko 25 ko 30 sun ishe ka ɗaukar yau da kullum. 60 kuwa ana ajiye shi ne ga abin da ake so a rage wa gudu daga baya. Zaɓi ɗaya ka tsaya a kansa a duk aikin. Akwai wani abu a nan da kwas da yawa ba sa ambata, musamman waɗanda aka shirya a Amurka. Idan kana ɗauka a ƙarƙashin ƙwan lantarki sai ka ga hoton yana ƙyaftawa ko wasu layuka suna gangarowa, daga wutar ne. A Amurka wutar lantarki tana kai-komo sau 60 a daƙiƙa, shi ya sa 30 ke dacewa da su. A Afirka da Turai da yawancin Asiya sau 50 ne, don haka 25 ya fi dacewa. A iPhone sai ka kunna tsarin PAL a saitin bidiyo kafin 25 ta bayyana. A Android, idan kyamarar wayar ba ta ba ka zaɓin ba, gwada manhajar Open Camera, ko ta Blackmagic Camera idan wayarka na ɗaukarta. Duka biyun kyauta ne.

Ka yanke shawara tun kafin ka danna: a kwance za ka riƙe wayar ko a tsaye? YouTube na yau da kullum da talabijin 16:9 ne (awon faɗin hoto da tsayinsa), a kwance. TikTok da Reels da Shorts 9:16 ne, a tsaye. Tun ran gini tun ran zane. Bidiyon da aka ɗauka a kwance aka zo yanke shi ya koma tsaye, kusan kashi biyu cikin uku na hoton ake zubarwa.

Mataki na huɗu: sauti

A nan nake so ka fi daɗewa, ko da kwas ɗinka darasi ɗaya kacal ya ware masa. Mai kallo yana haƙuri da hoton da bai fita sosai ba, amma da zarar ya kasa jin abin da ake faɗa, ya wuce.

Makirufon waya yana kwasar duk abin da ya fi kusa da shi, kuma galibi kai mai riƙe da wayar ne ka fi kusa, sai fanka, sai iska. Maganin shi ne a kusantar da makirufo ga bakin mai magana. Ƙaramin makirufo na maƙalawa a riga shi ne abu na farko da ya cancanci ka saya. Maƙala shi kamar taƙi ɗaya ƙasa da haɓa, ka tabbata riga ko sarƙa ba ta gogarsa. Idan babu, iyafis mai igiya yana da makirufo a jikinsa, kuma yana aiki. Wata dabarar ita ce ka ajiye waya ta biyu kusa da mai maganar tana naɗar murya kaɗai. Bayan ka kunna duka biyun, sai ka tafa hannu sau ɗaya a gaban kyamara. Wajen tacewa za ka ga tafin ya yi tsini a zanen sautin kowace, sai ka daidaita tsinin biyu, murya ta hau bakin daidai.

Kafin ka fara, tsaya shiru ka saurari wurin. Kashe fanka da talabijin, rufe taga idan tana kallon titi. Ɗakin da babu kaya a ciki yana mayar da murya, wanda ke da labule da kujeru da darduma kuwa yana shanye ta. A waje, iska ce babbar abokiyar gaba: sa wa makirufo hularsa ta soso ko ta gashi, ko mai maganar ya juya wa iskar baya. Ɗauki daƙiƙa goma na gwaji, sa iyafis a kunne ka saurara. Kada ka tsallake wannan ko sau ɗaya, domin muryar da ta lalace wajen ɗauka da wuya manhaja ta dawo da ita yadda take. Idan an gama hira, roƙi kowa ya yi shiru ka naɗi daƙiƙa 30 na sautin wurin kawai. Da shi za ka toshe ramukan da yanka zai bari.

Mataki na biyar: haske da riƙo

Idon kyamarar waya ƙarami ne, ba ya shan haske da yawa, shi ya sa hoton dare ke fitowa da ɗige-ɗige. Nemi taga. Zaunar da mutum fuskarsa na kallon tagar, ko ta ɗan karkace gefe yadda kunci ɗaya zai fi ɗaya haske. Idan tagar ta koma bayansa, inuwarsa kawai za ka samu. A waje, ranar tsaka tana zuba inuwa a ƙarƙashin idanu tana sa mutum runtse ido; shiga inuwa, ko ka bari sai hantsi bai ɗaga ba ko yamma ta yi sanyi.

Danna fuskar mutumin a allo ka riƙe yatsa har wayar ta kulle haske da saitin gani. A iPhone rubutun AE/AF LOCK zai fito, wayoyin Android da yawa kuma suna nuna alamar kwaɗo. In ba haka ba, duk motsin da aka yi sai hoton ya yi ta haske yana duhu.

Riƙe wayar da hannu biyu, gwiwoyin hannu a manne da haƙarƙari, ko ka jingina da bango. Don hira, ɗora ta a kan mazauni mai ƙafa uku ko tarin littattafai, daidai tsayin idon mai magana. Kunna layukan da ke raba allo gida tara, ka sa idanunsa a kan layin sama, ka bar fili a ɓangaren da yake kallo. Leƙa bayansa kada wani turke ya zama kamar daga kansa ya tsiro. Kada ka zuƙo hoto da yatsu, yana rage ingancinsa. Taka da ƙafarka ka matsa. Gilashin 1x, wato babbar kyamarar da wayar ke buɗewa da ita, shi ne mafi kyau a kusan kowace waya.

Mataki na shida: ɗaukar da za ta taru ta zama labari

Sabon shiga yakan kunna kyamara ya yi ta yawo da ita dama da hagu na tsawon minti uku, ya zo tacewa ya rasa inda zai yanka. Akwai tsarin hotuna biyar da ake koya wa 'yan jaridar da ke aiki da waya, kuma na fi son mai koyo ya haddace shi kafin komai.

Mu ɗauka tela kake ɗauka a kan keken ɗinkinsa. Fara da hannayensa, ka matsa kusa har a ga allura tana sauka tana tashi, yatsunsa na tura yadin, zaren yana warwarowa. Tsaya cak, ƙirga goma a zuci, kashe. Koma kan fuskarsa, yadda ya sunkuyar da kai, idonsa a kan bakin ɗinkin, daƙiƙa goma. Ja da baya ka ɗauki wurin gaba ɗaya, a san ina ake. Zagaya bayansa ka ɗauka ta saman kafaɗarsa, mai kallo ya ga abin da shi telan yake gani. Na biyar naka ne: durƙusa ka ɗauki ƙafarsa a kan matakin keken, ko almakashi da guntayen yadi a ƙasa. Kowanne daƙiƙa goma, waya ba ta motsi, motsin yana cikin hoton. Ka tsaya a gefe ɗaya na telan a duk ɗaukar. Idan ka tsallaka ɗaya gefen, a hoto guda zai kalli dama, a na gaba ya kalli hagu, mai kallo ya rikice bai san dalili ba.

Sannan hira. Yi tambayar da ba a amsa ta da e ko a'a: "Yaya kake gane yadi mai kyau?" Roƙe shi ya riƙa sa tambayar a cikin amsarsa, domin muryarka za a cire. Yayin da yake magana ka kama bakinka, gyaɗa kai ya isa. Kowane "to" da "haka ne" naka zai hau kan muryarsa. Bar daƙiƙa biyu kafin ya fara da bayan ya gama. Kuma tun farko ka nemi izininsa, ka gaya masa inda bidiyon zai fita. Idan yaro ne, sai da yardar iyayensa.

Mataki na bakwai: tacewa

Kafin ka taɓa komai, kwafi hotunan zuwa wani wuri, kwamfuta ko Google Drive. Manhajojin waya da yawa suna dogara ne da ainihin fayil ɗin da ke wayar. Ka goge shi don neman wuri, aikinka ya zama fanko.

Kalli duk abin da ka ɗauka sau ɗaya da littafi a gefe, kana rubuta jimlolin da suka fi ƙarfi da daƙiƙar da suke. Buɗe sabon aiki, zaɓi 16:9 ko 9:16, ka fara jera hirar ita kaɗai a kan layin tacewa. Aikin duka dabara ɗaya ce ake maimaitawa: kai layin tsaye da ke nuna inda bidiyon ya kai zuwa inda kake so, raba hoton biyu, goge ɓangaren da ba ka so. Buɗa yatsu biyu a kan layin don ya faɗaɗa, ka ga zanen sautin, ka yanka a inda ya kwanta tsakanin kalmomi. Cire in-ina da maimaici, amma kada ka yanke wa mutum numfashi gaba ɗaya, kada kuma ka haɗa maganganunsa yadda za su ba da ma'anar da bai nufa ba. Idan ka gama, rufe ido ka saurara. Idan labarin ya tafi daidai a kunne, ginin ya tsaya.

Yanzu duk inda ka yanka, kan mai maganar zai yi tsalle. Nan hotunan nan biyar za su yi ranarsu: ɗora su a layi na biyu a kan tsallen, muryar na ci gaba a ƙasa. Yana cewa "zare", a ga zare. Daƙiƙa biyu zuwa huɗu sun ishi kowanne. Yanka a tsakiyar motsi, misali lokacin da hannunsa ya miƙa zai ɗauki almakashi, ido ba ya lura da yankan. Idan ka ɗan ƙware, bari ƙarar keken ta shigo kamar rabin daƙiƙa kafin hotonsa ya bayyana, za ka ji yadda sauyin ya yi laushi.

Buɗe bidiyon da hoto ko jimlar da ta fi jan hankali. Tambari mai juyawa da doguwar gaisuwa a daƙiƙun farko suna korar mutane. Salon sauya hoto na walƙiya da jujjuyawa da manhaja ke tallata maka, ka bar su. Yanka kai tsaye shi ne abin da ƙwararru suka fi amfani da shi.

Kiɗa, idan ana buƙatarsa, ya zauna can ƙasa da murya. Gwada shi da lasifikar waya, in ka rasa kalma ɗaya to ya yi ƙarfi. Ka kula da haƙƙin mallaka. YouTube yana da tsarin Content ID da ke gano kiɗan wasu, yana iya toshe bidiyon ko ya ba mai kiɗan kuɗin tallarsa. YouTube ɗin yana da rumbun sautuka na kyauta, wasu da sharaɗin a ambaci mai su. Kiɗan da ke cikin manhajar tacewa ma ba lallai ne izininsa ya kai kowane dandali ba, karanta sharaɗin.

Sa rubutun ƙasan allo, domin da yawa suna kallo sauti a kashe. Layi ɗaya ko biyu, farin rubutu mai baƙin gefe. A bidiyon tsaye ka nisanta shi daga can ƙasa da gefen dama, inda maɓallan dandali ke rufewa. Idan da Hausa kake rubutawa, gwada ƙ da ɗ da ɓ tun da wuri, domin wasu salon haruffa ba su da su, sai su fito da akwati ko su sauya siffa. Gyaran launi shi ne na ƙarshe, kuma kaɗan: ɗan haske, ɗan bambanci tsakanin fari da baƙi, ka tsaya tun fatar mutum ba ta sauya ba.

Mataki na takwas: fitarwa da miƙa aiki

Fitar da shi a 1080p, MP4, da adadin hotuna a daƙiƙa iri ɗaya da wanda ka ɗauka. Idan manhaja ta tambaye ka nauyin bayanai, YouTube yana ba da shawarar Mbps 8 ga 1080p mai hoto 24 zuwa 30. Duba ko manhajar ta liƙa tambarinta a kusurwa ko a ƙarshe. Idan ta WhatsApp za ka tura wa malami, tura shi a matsayin fayil ɗin takarda (Document), domin turawar da aka saba tana matse shi ingancinsa ya ragu. Kalle shi a wata wayar sau biyu, da sauti da kuma babu sauti.

Sai ka miƙa shi a zauren kwas ɗin ko ga wanda ya fi ka sani. Kada ka tambayi "ya yi kyau?", kowa zai ce ya yi. Ka ce: a wace daƙiƙa ka ji kamar ka wuce? Wace kalma ce ba ka ji ba? Me ka fahimta game da mutumin nan? Rubuta amsoshin, koma kan wannan bidiyon dai ka sake tace shi, ka yi ƙoƙarin rage masa kashi ɗaya cikin huɗu na tsawonsa. Abin da za ka koya a tacewa ta biyu ya fi na darussa da dama, domin a nan ne za ka gano hoton da ka manta ba ka ɗauka ba, kuma gobe ba za ka manta shi ba. Ka kuma leƙa ayyukan sauran ɗalibai ka faɗi abin da ka gani, idonka yana wayewa da kurakuran wasu.

Idan kuɗin kayan aiki ya samu, bi wannan jeri: makirufo, sai mazauni mai ƙafa uku, sai ƙaramar fitila, sai batirin ko-ta-kwana. Sauya waya ya zo a ƙarshe, bayan ka gama aƙalla bidiyo uku da wadda ke hannunka kuma kana iya nuna takamaiman abin da ta kasa yi maka.